Kwana Uku a Bakin Tukunya a Bikin Kakar Inabi na Montmartre

A shekarata ta biyu ta karatu a birnin Paris, wajen ƙarshen watan Satumba, wata abokiyar karatuna ta shaida mini cewa gwaggonta tana neman ƙarin hannu na kwana uku a rumfar abincin da take kafawa duk shekara a bikin kakar inabi na unguwar Montmartre. Kuɗin haya ya matso, abin da ake aiko mini daga Damagaram kuma ba ya kai ni ƙarshen wata, saboda haka na karɓi lambar matar na kira ta a daren. Mutuniyar lardin Aveyron ce a kudancin Faransa, kuma abin da take sayarwa abincin mutanen tudun Aubrac ne da suke kira aligot, wato dafaffen dankalin Turawa da aka niƙe, aka haɗa da sabon cuku da man shanu da kirim da tafarnuwa, aka tuƙa har ya yi danƙon da idan an ɗaga shi zai biyo muciya kamar zare. Tambayar farko da ta yi mini ita ce ko hannuna zai iya juya babbar tukunya tun safe har dare. Na ce mata tun ina 'yar shekara 12 nake tuƙa tuwon gidan da ba a rasa baki ashirin, kuma na sha tsayawa kan tukunyar biki. Ba ta san tuwo ba, amma ta gane abin da nake nufi.

Ni ma ina da tawa maganar, kuma ita ce ta fi nauyi a zuciyata. Bikin na giyar inabi ne, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne, kuma a al'adarsu aligot yana tafiya da gasasshen naman alade da aka ɗura a hanji. Na gaya mata a fili cewa ni Musulma ce, ba zan zuba giya ko in miƙa ta ba, ba zan taɓa naman ko kaskon da ake gasa shi ba, kuma ina bukatar 'yan mintuna idan lokacin salla ya yi. Ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce ita ba ta sayar da giya, wannan aikin maƙwabtanta ne masu gonakin inabi. Naman kuwa ɗanta ne ke gasa shi a ɗaya gefen rumfar da nasa kayan aikin, ita tukunya kaɗai take so in riƙe mata. Na san akwai ƙawayena da ko kusa da wurin ba za su yarda su je ba, kuma ban ga laifinsu ba. Ni dai na auna, na ga iyakar da zan iya tsayawa a kanta, na kuma faɗe ta kafin a sa hannu a takarda, domin tun ran gini tun ran zane.

Maganar takardu ba ta ɗauki lokaci ba. Dokar Faransa ta yarda ɗalibin da ya zo daga waje ya yi aikin albashi har awa 964 a shekara, kuma wajibi ne mai ɗaukar aiki ya sanar da hukuma kafin ma'aikaci ya fara, don haka na aika mata hoton katin zamana da lambar inshorar lafiyata a makon, ita kuma ta aiko da yarjejeniyar kwana uku. Nata ɓangaren ne mai tsawo, domin ta ce tun watanni kafin bikin ta shigar da takardar neman wuri, da jerin abin da za ta sayar, da shaidar inshora, da bayanin yawan wutar lantarkin da take bukata, ta kuma biya kuɗin rumfa tun ba ta san ko sama za ta yi ruwa a kwanakin ba.

Ranar Alhamis da yamma, kwana ɗaya kafin mu fara, na hau tudun domin in ga gonar da ake yin wannan taro dominta. Tana kusurwar da titin Saules ya haɗu da titin Saint-Vincent, a gangaren da ke fuskantar arewa, daura da tsohon gidan waƙa na Lapin Agile, kuma sunanta Clos Montmartre. Na tsaya a bakin shingen ƙarfe na daɗe ina kallo, domin abin da na gani bai yi daidai da abin da na zata ba. Faɗinta murabba'in mita 1,556 ne, wato bai kai kashi ɗaya cikin shida na hekta ba, ƙasa da gayaunar da kakata take noma kuɓewa da yakuwa a bayan gari, kuma kurangar inabin da ke ciki ba su kai dubu biyu ba. An riga an tsinke 'ya'yan tun makonni kafin bikin, ganye ya fara ja. Hukumar birnin Paris ce ke da gonar, ma'aikatan lambunanta ke kula da ita, kuma an dasa ta ne a 1933 bayan mazauna unguwar, cikinsu har da mai zane Francisque Poulbot, sun tsaya kai da fata don kada a gina benaye a filin. An yi bikin farko a 1934. Inabi kuwa ya daɗe a tudun tun zamanin gidan ibadar mata da aka kafa a ƙarni na 12, lokacin da Montmartre take ƙauye a wajen gari, domin sai a 1860 aka haɗe ta da Paris. Ana matse inabin ne a ɗakin ƙasa na ma'aikatar magajin garin gunduma ta 18, kuɗin da aka samu daga sayar da kwalaben kuma ana sa shi a ayyukan taimakon jama'ar gundumar.

Masu shirya bikin suna cewa kusan mutum rabin miliyan ke zuwa cikin kwanaki biyar, daga Laraba zuwa Lahadi. A bakin shingen nan na fahimci cewa wannan 'yar gona ba za ta iya tarbar ko kashi ɗaya cikin ɗari nasu ba, kuma galibinsu ba za su ma gan ta ba. Inda jama'a ke zuba shi ne can saman tudun, a titunan da suka kewaye cocin Sacré-Cœur, inda ake jera rumfunan abinci na yankunan Faransa daga Juma'a zuwa Lahadi. Sunan bikin na gonar ne, nauyinsa kuwa a kan masu rumfa yake.

Ranar Juma'a na iso tun gari bai waye ba, da sanyin Oktoba mai shiga ƙashi. An riga an kafa fararen tantuna a jere, kowane da lambarsa, namu a titin Azaïs. Motocin kaya suna da ƙayyadadden lokacin da za su sauke su fita kafin a rufe hanya, shi ya sa kowa yake gudu, ana ta miƙa buhunan dankali da akwatunan cuku da tukwanen gas hannu da hannu. Abu na farko da Madam ta sa ni, haka kowa ke kiranta a rumfar, shi ne daidaita murhu. Titin na duwatsu ne kuma a karkace yake, idan ba a cusa guntayen katako a ƙarƙashin ƙafafun murhun ba, abinci zai taru a gefe ɗaya na tukunya ya kama. Ta zuba ruwa kaɗan a tukunyar, muka riƙa gyara katakon har ruwan ya kwanta daidai a tsakiya. Bayan haka aka rataye na'urar kashe gobara inda hannu zai kai, aka kafa wurin wanke hannu da jarka mai famfo, aka liƙa takardar da ke nuna sinadaran da wasu mutane jikinsu ba ya karɓa, wanda a wurinmu madara ce babba. Ta nuna mini ma'aunin zafi ta ce in riƙe lamba ɗaya a kaina, digiri 63 na Celsius, domin doka ba ta yarda abinci mai zafi ya sauka ƙasa da wannan ma'auni ba matuƙar yana jiran mai saye, kuma masu duba tsabta suna iya zuwa ba sanarwa. Dole ne kuma a rufe gashi. Ta dubi ɗaurin kallabina ta ce ya wadatar.

Daga nan aka shiga koyon aikin, kuma a nan ne na ga inda aligot ya yi kama da tuwo da inda suka rabu. Ana feraye dankali a dafa shi da gishiri har ya yi lugub, a tsiyaye ruwan sarai, a niƙa shi da zafinsa a injin hannu don kada a sami gudaji. Sai a mayar da shi tukunya a zuba man shanu da kirim da dakakkiyar tafarnuwa, a juya har ya yi sulɓi. Cukun da ake sawa sabo ne, kwanansa biyu ko uku da yi, ba a sa masa gishiri ba kuma bai tsufa ba, fari ne mai taushi, ana yanka shi fale-fale a bar shi ya huce daga sanyin firij. A kowane kilo ɗaya na dankali ana sa wajen giram 400 na cuku. Muciyar ta katako ce mai faɗin baki, tsawonta ya kai ƙirjina. Hannuna ya so ya yi abin da ya saba, wato in danna in murza a jikin tukunya kamar yadda ake kashe gudajin tuwo, sai Madam ta riƙe mini wuyan hannu ta ce ba haka ba. Ana juyawa ne ta fuska ɗaya kawai, ana ɗagowa daga ƙasa zuwa sama domin iska ta shiga, wuta kuma ƙasa-ƙasa. Tuwo yana son wuta da ƙarfi, wannan kuwa yana son haƙuri, domin idan ya tafasa danƙon ya tafi ke nan. A tukunyata ta uku na ɗaga muciya sama da kaina, abincin ya biyo ta fari tas bai tsinke ba, Madam ta kaɗa kai ta koma wurin kuɗi.

Ta gaya mini, muna yankan cuku, cewa a garinsu ana cewa masu ibadar Aubrac ne suka fara ciyar da matafiya masu zuwa ziyarar Compostela, wurin ibadar Kiristoci a ƙasar Spain, da irin wannan abinci, da burodi suke yi kafin dankali ya iso, daga baya makiyayan da ke kwana da shanu a bukkokin dutse na kan tudu suka riƙe shi. Mutanen yankinsu kuma sun daɗe da sanin hanyar Paris, domin kakanninsu sun zo suna sayar da ruwa da gawayi, har suka mallaki gidajen shan gahawa da yawa a birnin. Abincin makiyaya ne, kuma hakan ya sa na ƙara jin kusanci da shi.

Juma'a ta wuce da sauƙi. Masu yawon buɗe ido ne da mazauna unguwa da ma'aikatan da suka fito hutun rana, layi bai taɓa wuce mutum goma ba. Na yi azahar da la'asar a bayan tanti, a kan kwali, tsakanin akwatuna da katanga, abokiyar karatuna tana riƙe mini muciya.

Asabar ce ranar da Madam ta yi ta ja mana kunne a kanta. Da hantsi muka fara jin ganguna daga nesa, na jerin gwanon da ake yi a ranar, inda ƙungiyoyin masu inabi da masu cuku da sauran sana'o'in abinci suke tafiya cikin dogayen riguna masu launi, tare da yara makaɗa na unguwar da ake kira Petits Poulbots. Ban ga jerin gwanon ba, sai dai wasu daga cikin mutanen ƙungiyar République de Montmartre da suka ratsa ta gabanmu da baƙar alkyabba da baƙar malafa da jan mayafi a wuya. Abin da na gani da kyau shi ne abin da ya biyo baya. Tudun Montmartre ya kai mita 130, shi ne wuri mafi tsayi a birnin, kuma hanyoyin hawansa matakala ne da 'yan tituna matsattsu da aka yi tun zamanin keken doki. Jama'a suna fitowa daga jirgin ƙarƙashin ƙasa a tashar Anvers da ta Abbesses, su hau matakala 222 na titin Foyatier ko su jira ɗan jirgin da ake ja da igiyar ƙarfe, su bi ta shingen da masu gadi ke buɗe jakunkuna, sannan duk su zubo cikin titin da rumfuna suka riga suka cinye rabinsa. Kafin la'asar babu masaka tsinke. Daga inda nake tsaye na daina ganin duwatsun titi, sai kawuna da kofuna da wayoyi a sama, mutane suna tafiya da ɗan taku kamar masu rakiyar amarya, wanda ya so tsayawa ma ba shi da iko.

A cikin irin wannan cincirindo layi kansa matsala ne. Idan masu jira suka miƙe daga bakin rumfa zuwa tsakiyar titi, sun datse hanya, na baya su yi ta turowa ba su san dalili ba. Madam ta san wannan tun shekarun baya, shi ya sa ta sa igiya ta kwantar da layinmu a jikin rumfar, ta raba aikin gida uku: a biya a ƙarshe ɗaya a karɓi 'yar takarda, a matso a karɓi abinci a tsakiya, a ɗauki cokali a ɗaya ƙarshen a fita, ba mai komawa baya. Ta kuma sa farashin ya zama cikakkun Yuro ba tare da ƙananan kwabbai ba, don kada a ɓata lokaci wajen canji. Da yamma na'urar biyan kuɗi da kati ta fara jinkiri saboda yawan wayoyin da ke kan tudun, sai ta riƙa ɗaga murya tana cewa masu tsabar kuɗi su matso.

Abin da ban zata ba shi ne ni kaina zan zama sanadin cunkoso. Tallar rumfar aligot ita ce ɗaga muciya. Duk lokacin da na ɗaga, farin zaren ya miƙe sama da tsayin mutum, sai masu wucewa su ja birki su ciro waya, yara su nuna da yatsa, wasu su yi tafi, kuma cikin kowane goma da suka tsaya biyu ko uku za su shiga layi. Wajen ƙarfe huɗu wani mai gadi ya kutso da ƙyar ya yi magana da Madam cikin ladabi, ya ce gabanmu ya toshe har baya, akwai masu keken jarirai da tsofaffi da aka matse a jikin shinge, yana roƙon a daina ɗagawa sai hanya ta saki. Ban ji daɗin ganin fuskar Madam ba a lokacin, domin wannan sa'ar ce take fanshe kuɗin rumfarta, amma ba ta yi musu ba, ta ce in riƙa tuƙawa ƙasa-ƙasa. A ganina mai gadin ya yi daidai. Duk wanda ya taɓa shiga turmutsutsun filin idi ko na bakin kasuwa ranar jajibiri ya san cewa ba mugunta ke kawo shi ba, tsayuwar mutum biyar a wurin da ya kamata a wuce ta isa.

Kuskurena ya zo bayan wannan da kaɗan. Layi ya kai inda ba na ganin ƙarshensa, tukunyar da ake kwasa ta kusa ƙarewa, sabuwar kuma cukun bai gama narkewa ba domin an ciro shi daga sanyi a makare. Sai na murɗa wuta sama don ya yi sauri. Cikin 'yan mintuna na ga mai yana tasowa rawaya a gefen tukunya, na ɗaga muciya, abincin ya tsinke ya faɗo dunƙule-dunƙule. Gabana ya faɗi, domin na san abin da na yi, kuma an gargaɗe ni tun jiya. Madam ta zo ta duba, ta kashe wutar, ta ce a sauke, wannan ba za a sayar da shi da sunan aligot ba. Sannan ta juya ga layin ta faɗa musu gaskiya, cewa tukunya ta lalace, sai an jira minti ashirin, wanda ya biya kuma yana son kuɗinsa ya zo ya karɓa. 'Yan kaɗan suka karɓa suka tafi, sauran suka tsaya. Ni kuwa ba ta yi mini faɗa a gaban mutane ba, abin da ta ce kawai shi ne jama'a suna iya jira, cuku ne ba ya jira, kada in ƙara bari layi ya riƙe mini wuta.

Tukunyar da ta lalace ta cinye cukun da aka tanada na yamma, ragowar kuma yana cikin motar kaya mai firij da aka ajiye a gindin tudu, kusa da babban titin Rochechouart. Madam ta karɓi muciya da kanta, ta ce in sauka in ɗauko, hannuna ma ya huta. Tafiyar da ba ta wuce minti goma a ranar da ba kowa ta ɗauke ni kusan awa ɗaya zuwa da dawowa, amma ita ce ta ba ni damar ganin bikin daga cikin jama'a. Na wuce rumfar da ake kara rabin ƙaton cuku a wuta ana kankare narkakken a kan dankali, da ta masu dodon koɗi da man shanu da tafarnuwa, da ta masu buɗe wani abincin teku mai ɓawo biyu da ake haɗiyewa ɗanye da lemon tsami, da ta masu zuma, da ta mutanen tsibiran Antilles na yankin Caribbean masu soya ƙosan kifi, wanda ƙamshinsa ya tsayar da ni na ɗan lokaci domin ya tuna mini da gida. Ba kujeru, kowa a tsaye yake ci, ko a zaune a kan matakalar coci da dukan Paris shimfiɗe a gabansa. Akwai waɗanda giya ta fara yi musu yawa, suna ɗaga murya, kuma ban ji daɗin ratsa su da kallabi a kaina ni kaɗai ba, ko da yake babu wanda ya ce mini uffan. Amma mafi yawan waɗanda na gani iyalai ne da tsofaffi da 'yan makaranta, kuma abin da ke hannunsu faranti ne. Na yi sallar da ta kama ni a cikin motar, na ɗora akwatin cukun a ka, abin da ya sa mutane suka riƙa buɗe mini hanya suna kallo, na nuna wa masu gadi katin ma'aikatan rumfa, suka shigar da ni ta gefe ba tare da na bi layi ba.

Daren Asabar ban ƙara taɓa makunnin wuta ba sai da izini. Mun rufe da tukunya a kankare, kafaɗuna suna zafi kamar an zuba musu barkono.

Ranar Lahadi da rana jama'a sun ɗan ragu, kuma iyalai sun fi yawa. Ina cikin tuƙi sai na ji an ce da Hausa, "Sannu da aiki, 'yata." Na ɗago na ga wata dattijuwa da mayafi da rigar sanyi, riƙe da jikoki biyu. Na saki muciya na ɗan rusuna na ce, "Yawwa Inna, sannunku da zuwa, ina wuni?" Ta ce ɗaurin kallabina ne ya sa ta gwada, ta tambaye ni ta ina ce, na ce ta Damagaram. Ita ta Maraɗi ce, ta shekara fiye da talatin tana zaune a gindin tudun nan ta gabas, wajen Château Rouge, inda 'yan Afirka ke sayen doya da kuɓewa da busasshen kifi a kasuwar titin Dejean, amma ta ce ba ta taɓa hawowa bikin ba sai yau da yaran suka matsa mata. Sannan ta rage murya ta ce, "To 'yata, wannan abin da kike tuƙawa, muna iya ci?" Na lissafa mata abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya, na gaya mata cewa tun Juma'a ni ke kan tukunyar, ludayinta daban ne, kuma naman da ake gasawa can gefe bai taɓa kusantar ta ba. Ta ce, "Tunda ke kika faɗa, zuba mana." Na zuba musu da hannuna, na naɗe zaren a ludayi na yanke shi kamar yadda aka koya mini. Ta ɗanɗana, ta yi shiru, ta ce yana kama da sakwara amma ya fi ta laushi, kuma da za a sami miyar taushe a gefe da ya fi haka. Jikokin suna magana da Faransanci a tsakaninsu, suna gasar wanda zarensa zai fi tsawo. Da za ta tafi ta sa mini albarka, ta ce in yi karatu da kyau, in kuma gaishe da mutanen gida idan na kira. Madam ta tambaye ni ko 'yar'uwata ce, na ce yau na fara ganinta, amma uwa ce.

Rufe rumfa ya fi buɗe ta wuya, domin a lokacin ƙarfi ya ƙare. Sai da masu gadi suka fitar da jama'a, 'yan sanda suka buɗe hanya, sannan aka bar motoci suka hau ɗaya bayan ɗaya, kuma tamu tana can baya. Kafin ta iso mun jiƙa tukwane da ruwan zafi, domin cuku idan ya huce a jikin ƙarfe ya fi ƙanzo taurin kai, mun ware shara, kwali daban, ragowar abinci daban, mun kwance murhu, na tattara guntayen katakon da muka cusa ranar Juma'a na zuba su a jakar da Madam take ajiye su shekara da shekaru. Maƙwabta suka fara musayar abin da ya rage, mai zuma ya kawo kwalba, mu muka ba shi aligot a roba, wani ya miƙo kwalbar giya ga kowane ma'aikaci, kafin in buɗe baki Madam ta ce masa ban da ni, sai ya koma ya kawo mini ruwan inabin da ba a tsima ba. Ta rubuta awoyina a takarda muka sa hannu mu biyu, ta ce albashi da takardarsa za su shigo cikin mako, haka kuwa aka yi.

Da muka gama loda motar ta tambaye ni ko za ta iya kirana baɗi. Na ce idan Allah ya kai mu kuma sharuɗɗan suna nan yadda suke, zan zo. Ta ciro ɗan littafinta ta rubuta sunana a ƙarƙashin kalmar tukunya. Ban bi ta gaban coci ba saboda masu shara sun cika wurin da motocin feshin ruwa, sai na gangara ta titin Saules, na wuce gonar a rufe cikin duhu ba kowa a bakin shingenta, na kai tashar Lamarck-Caulaincourt da kwalbar zuma a jaka, na shiga jirgin layi na 12, ina da lacca ƙarfe takwas na safe.